Tsohuwar jita da tsirkiyar da za ta iya ɗauka

A ƙasar Tasawa da Mayahi ba a koya wa mai garaya ko mai goge darajar tsirkiya. Mai goge ya san izgar doki yake ɗaurawa, mai garaya kuwa a da jijiyar sa yake murzawa, kafin igiyar kamun kifi ta roba ta maye gurbinta. Kowannensu ya san inda zai tsaya da ja, domin ƙwarya ce da fata a hannunsa, in ya matsa jaki ya nutse, fata ta saki. Marigayi Malam Maman Barka, wanda ya kai gurmi ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a Yamai a 2018, da tsirkiya biyu kacal ya yi sunansa.

Matsalar tana wajen jita. Yawancin waɗanda ke hannun samari da mawaƙan coci da 'yan ƙungiyoyin makaranta gwanjo ne, sun sha duniya a Faransa ko wani wuri kafin su iso Maraɗi. Tsirkiya ta tsinke, sai a sa abin da aka samu, har wayar birkin keke. Ba abin dariya ba ne, Mdou Moctar na ƙasar Tawa da irin wannan waya ya haɗa jitarsa ta farko. To amma shi ƙera tasa ya yi. Wanda ya gaji tsohuwar jita mai siririn katako, lissafinsa daban.

Ga nauyin da ake magana a kai. Tsirkiyoyin ƙarfe shida masu kauri lamba 12, idan an ɗaure su daidai, suna jan fuskar jita da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye, dare da rana, ko ana kaɗawa ko tana rataye. Na roba kuwa wajen kilo 40 ne. Fuskar da ke ɗauke da wannan kaya kaurinta bai wuce milimita 3 ba, sai 'yan sanduna da aka manna mata ta ciki. Tsofaffin jitoci da yawa ma ba don ƙarfe aka yi su ba. Kamfanin Martin na Amurka sai a shekarun 1920 ya koma ƙera jitocinsa don tsirkiyar ƙarfe, kafin nan ta hanjin dabba ake sa musu. A wannan zamanin ne kuma Gibson ya fito da sandan ƙarfe da ake sakawa cikin wuyan jita don kada ya lanƙwashe. Tsirkiyar roba ta zo bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da Albert Augustine ya sarrafa ta tare da mashahurin makaɗi Andrés Segovia.

Saboda haka kafin a sayi komai, a dubi jakin. In tsirkiya ake zurawa ta rami a ƙulla ta, wuyan yana da faɗi, babu sandan ƙarfe a ciki, wannan jitar roba ce. Sa mata ƙarfe kisa ne. Za ta yi ƙara mai daɗi na ɗan lokaci, mai ita ya yi ta murna, sannan wata rana jaki ya ɓalle da guntun katako a jikinsa. Wannan kuskuren shi ya fi kowane yawa, kuma a ganina mai sayarwa yana da nasa laifin, don sau da yawa ba ya tambayar wace iri ce jitar.

In kuwa jakin mai turaku shida ne da ake cusawa, galibi ta ƙarfe ce, sai dai tsufa ya rage mata ƙarfi. A nemi lamba 10 ko 11, a bar 13 ga sababbi. Akwai kuma wadda ake kira siliki da ƙarfe, mai zare mai laushi tsakanin wayar ciki da naɗin waje. Muryarta ƙasa-ƙasa ce, ba ta cika fili, amma tana da sauƙi ga yatsa da katako. In ba a samu ko ɗaya ba, akwai dabarar da ba ta cin ko dala: a sassauta ɗaurin duka. Saukar da murya da rabin mataki yana rage ja da kusan kashi 11 cikin 100, cikakken mataki kuwa wajen kashi 20.

Yanayinmu ma ba ya raga mata. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55, alhali a hunturu takan faɗi ƙasa da 20. Katako ya ƙanƙance, ya tsage bin tsawonsa. Bazara ta shigo da zafin da ya haura digiri 40, ɗankon da ya riƙe jaki ya yi laushi, musamman a ɗakin kwano ko cikin mota. Damina kuma ta kumbura katakon. Katakon da ke wannan kai-da-komo duk shekara, ina dalilin ƙara masa kilo ashirin don neman ƙara?

Jita takan nuna alama tun da wuri. A kwantar da ita, a hango fuskar ta gefe: in bayan jaki ya taso kamar ciki, gabansa ya lotsa, kaya ya yi mata yawa. A gwada zura takarda ƙarƙashin gefen jakin na baya, in ta shige, manni ya fara saki. Haka in tsirkiyoyi sun yi nisa da wuya har yatsa na ciwo wajen dannawa. Da an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a sassauta duka shidan, a kai wa mai gyara, kada a ɗura mata ruwan mannin nan mai kamawa nan take, don gobe ba zai ciru ba sai da katako. Lokacin hunturu a ajiye ta cikin akwatinta a ɗakin ƙasa, tare da ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu mai ramuka, a riƙa jiƙa shi in ya bushe, amma kada ruwa ya taɓa katakon.