Ruwa Ake Fara Ƙirgawa Kafin Kifi

A Bahar Maliya, daura da Jidda inda alhazanmu ke sauka, akwai wani kifi mai zane-zane da ake kira sohal, wanda tsawonsa kan kai santimita 40. Ɗan gidan kifayen tang ne, dangi mai nau'i sama da 80, kuma abin da ya haɗa su shi ne ƙaya mai kaifin aska a gindin wutsiya, da ita suke yankar abokin faɗa. Masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka na kashe kuɗi mai yawa don su tara irin waɗannan kifaye a tankin gilashi mai ruwan gishiri da duwatsun murjani, musamman tun da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya tallata shuɗin cikinsu. Matsalarsu ɗaya ce kullum. An saka tang uku ko huɗu wuri guda, kafin a yi mako biyu ɗaya ya mallake tankin, ɗaya ya maƙale a bayan dutse ya daina ci, sai fararen ɗigo su feso masa a jiki, daga nan cutar ta bi sauran. Mutumin unguwar Yindiski a Potiskum da ya girka tankin tamfol a bayan gida ya zuba 'ya'yan tarwaɗa dubu zai ce ina ruwansa da wasan masu kuɗi. Amma abin da ke kashe kifin gilashin shi ke cinye masa jari, kuma waɗancan mutane, da yake kifi ɗaya a wurinsu na da tsada, sun tsaya sun lura da abin da mai kifi dubu ba ya samun sukunin lura da shi.

Abin da suka gano shi ne faɗan kifi na da dalili, kuma dalilin yana hannun mai tanki. A teku tang kiwo yake yi, yini guda yana tsinkar gansakuka a kan duwatsu, don haka duk wanda ya yi kama da shi a siffa da launi abokin takara ne a kan makiyaya. Shi ya sa ƙwararru ke haɗa nau'o'i masu siffa daban-daban, su zuba su rana ɗaya don kada wani ya riga ya kafa iyaka, su rataye ganyen teku a wurare biyu ko uku yadda ƙato ɗaya ba zai tsare duka ba. Sun kuma lura cewa guda biyu sun fi guda biyar haɗari, domin a cikin biyar fushin babban na rarrabuwa, a cikin biyu kuwa kan mutum ɗaya yake sauka. Sabon kifi sai ya yi makonni a wani tanki shi kaɗai kafin ya shiga cikin jama'a.

Tarwaɗa ba ta da aska a wutsiya, amma nata ya fi muni, domin cinye 'yan'uwanta take yi. Thomas Hecht na Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu da abokin aikinsa Appelbaum sun bayyana wannan a 1988: tun suna ƙanana sukan kama juna ta wutsiya, idan kuma tazarar girma ta buɗe, babban ya haɗiye ƙaramin ta kai ɗungurungum. A cikin ƙyanƙyasa ɗaya ba a rasa 'yan ƙalilan da ke yin zarra, su ninka sauran cikin makonni. Manomin da bai ware su ba zai ga abinci na tafiya, ruwa na motsi, ya ɗauka komai lafiya, sai ranar kwashewa ya tarar dubunsa ta koma ɗari shida ba tare da ya taɓa tsintar gawa ba. Da yawa a nan suke fara zargin yaran gida ko wanda ya sayar musu da iri. Maganin kuwa aiki ne mai gajiyarwa: a riƙa tace su kamar duk mako biyu a watannin farko, manya gefe ƙanana gefe, wanda ke nufin mai tanki ɗaya tal bai gama shiri ba. A kuma watsa abinci ko'ina a kan ruwa maimakon kusurwa guda.

Wanda ya san harkar zai kawo ƙorafi a nan, kuma ƙorafin na da ƙarfi. Zai ce cunkoso ai rage faɗan tarwaɗa yake yi. Gaskiya ne. Binciken da aka yi a Rhodes da kuma Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ya nuna cizon juna na raguwa tsakanin matasan tarwaɗa idan aka ƙara yawansu, saboda babu filin da wani zai ce nasa ne. Duk wanda ya ga ana lodin shanu a kasuwar Potiskum ya san wannan: bajiman da za su tunkuyi juna a fili, idan aka matse su a tirela ba mai iya juya ƙaho, amma ba wanda zai ce tirela wurin kiwo ce. Zaman lafiyar da cunkoso ke kawowa bashi ne, kuma ruwa ake bi. Gonakin Holan na tara ɗaruruwan kilo na tarwaɗa a lita 1,000 ne saboda ruwansu na zagayawa dare da rana ta cikin matatar da ƙwayoyin bakteriya ke cinye dattin. Mai tang ma da famfo da matata yake riƙe kifinsa biyar. Wanda ya kwaikwayi yawan kifin ya bar injin, rabin dabarar ya ɗauko.

Lissafin ba shi da wuya. Kifi na fitar da amoniya ta wurin da yake numfashi a gefen kai, kuma kowane kilo na abincin kifi na barin kimanin giram 30 na amoniya a ruwa. A ɗauka mutum na da tarwaɗa 1,000, kowacce ta kai rabin kilo, yana ba su kashi 2 cikin 100 na nauyinsu a rana. Kilo 10 na abinci ke nan, amoniya giram 300. A tankin lita 5,000 wannan ya kai miligiram 60 a kowace lita cikin kwana ɗaya, alhali masu tankin murjani da zarar ma'auninsu ya nuna ko da ɗigo hankalinsu ke tashi. Ɓangaren amoniyar da ke da guba kuma yana ƙaruwa da zafi, yana ninkuwa kusan sau goma idan ma'aunin pH ya tashi daga 7 zuwa 8. Ita iskar oksijin akasin haka take yi: ruwa mai zafin digiri 20 na riƙe kimanin miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauko wajen 7.5. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Potiskum ke haura digiri 40, tankin tamfol da ke tsakar rana na haɗa matsalolin biyu a lokaci guda.

Za a ce tarwaɗa ai mai taurin rai ce, tana shaƙar iska daga sama, tana kwana a taɓo. Haka ne, tana da wata gaɓa a cikin kai da ke ba ta damar numfashi a waje, kuma wannan na cikin abin da ya sa Najeriya ta fi kowace ƙasa noman tarwaɗar Afirka. Sai dai shaƙar iska na warware matsalar oksijin ne kawai, ba ta cire amoniya. Kifin da ke zaune cikin dattinsa yana rayuwa, amma cinsa na raguwa, girmansa na tsayawa, gashin bakinsa na gutsurewa, fatarsa na yin gyambo. A nan ne mai kifi ke rugawa kemis ya sayo kafso ya zazzage a ruwa. Ƙwayoyin cutar da ke cin gyambon galibi suna nan a tankin tun farko, wahala ce ta buɗe musu ƙofa, kamar yadda fararen ɗigon tang suka fi kama wanda ake kora. Kafso ba ya wanke ruwa, kuma ragowarsa na iya bin naman kifin har tukunyar wanda ya saya.

Bukatar canza ruwa ita ta sa lissafin Potiskum ya bambanta da na Gashuwa ko Nguru. Can akwai kogin Yobe da fadamun Haɗeja da Nguru, ko da yake madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun rage ambaliyar da ke raya su, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Raguwar kifin kogi da na Tafkin Chadi, wanda ya faɗo daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da 2,000 a shekarun 1980, ita ta buɗe wa kifin tanki kasuwa. Potiskum kuwa ba ta da kogin da ke gudu shekara guda, damina wata huɗu ce, sauran watannin rijiyar burtsatse ce da 'yan garuwa. Canza rabin ruwan tankin lita 5,000 na nufin jarka 100 mai cin lita 25, kuma idan kifi sun girma kusan kullum ake bukatar haka. Wanda ba shi da burtsatse da sola, ko kuɗin man janareta, ya kamata ya fara da tambayar jarka nawa zai iya samu kowace safiya har wata biyar, sannan amsar ta faɗa masa kifi nawa zai saya.

Ƙorafin ƙarshe na aljihu ne: idan ruwan da mutum ke samu bai wuce na kifi ɗari huɗu ba, ba za su fitar da riba ba. Amma 'ya'yan kifi ba su ne tsadar sana'ar ba, abinci ne ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa, kuma buhun da aka zuba wa kifin da ya daina girma asara ce tsantsa. Akwai kuma hanya ta tsakiya da kasuwarmu ta tanadar. Masu banda sun fi son ƙananan tarwaɗa, masu gashi da farfesu sun fi son manya. Ana iya farawa da yawa tun suna ƙanana, lokacin da cinsu kaɗan ne kuma cunkoso na hana su cizon juna, sai a wajen wata na uku a kwashe rabi a sayar wa masu banda, kuɗin ya sayi abincin sauran. Ruwan da ake zubarwa kuma a bi da shi ta kwalbati zuwa zogale ko alayyafo, domin amoniyar da ke ƙona kifi taki ce a wurin shuka.