Kafin a Haƙa Tushe: Ina Madafa, Ina Falo?

Ƙungiyoyin manoma da dama a yankinmu suna haɗa kuɗi su sayi fili a bakin hanya, su gina gidaje a jere, bango ɗaya tsakanin gida da gida. Dabara ce mai kyau, gama bulo da siminti suna raguwa, filin kuma yakan ishi mutane da yawa. Amma mun shiga irin gidajen nan bayan an tare, mun tarar da uwargida tana girki a baranda, hayaƙi yana cika falo, buhunan masara kuwa sun tare kujerun baƙi. Da muka tambaya, sai aka ce magini ne ya zana, ba wanda ya shawarci mai girkin.

Wannan ba sabon kuskure ba ne. A shekarar 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta soma shirin gidaje masu sauƙin kuɗi, da niyyar gina 2,000 a kowace jiha kowace shekara. An bi zane kusan iri ɗaya ko'ina, aka kafa da yawa nesa da gari, waɗansu suka daɗe ba kowa a ciki. Zanen da aka yi a ofis bai san girman tukunyar tuwon gidanka ba.

Abu na fari da za mu riƙe shi ne, gidan jere ba shi da taga a gefe. Haske da iska daga gaba da baya kaɗai suke shigowa. Saboda haka idan filin ya yarda, a miƙe jerin daga gabas zuwa yamma, ƙofofi da tagogi su dubi kudu da arewa. Hadari a ƙasarmu daga gabas yakan taso, zafin rana na la'asar kuma daga yamma yake bugowa. Ta haka bangon ƙarshe ne kawai zai sha su. A sa tagar baya daidai da ta gaba domin iska ta ratsa.

Yanzu batun madafa. A ganinmu, wanda zai yi girki da itace kada ya sa madafa cikin ginin. A bar tsakar gida a baya, ko da ƙafa 10 ce, a gina madafar can ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga hayaƙin girki take, ta jawo mutuwar mutane wajen miliyan 3.2, mata da ƙananan yara kuwa su suka fi shaƙarsa. Jaririn da ke goye yana shaƙar abin da uwarsa take shaƙa. A bar ramuka a saman bango kusa da kwano don hayaƙi ya fita, in da hali a yi murhun laka mai bututu. Bututun ya wuce rufin, in ba haka ba hayaƙinka zai sauka kan shanyar maƙwabci, ka ga an soma gaba.

Akwai magina da suke son yin kanta mai tsawo irin ta gidajen birni. Ta yi daidai da risho ko gas. Amma wadda za ta tuƙa tuwon mutum goma da muciya tana bukatar murhu a ƙasa, da wurin ajiye kujerarta, da fili a gefen da take sauke tukunya. A auna da tukunyar da ta fi girma a gidan. Randa ta zauna kusa da ƙofa a inuwa, itace kuwa a can nesa da wuta, musamman da hunturu lokacin da kome ya bushe. A bar wani wuri ba siminti domin turmi, gama daka yana fasa daɓe, yana kuma girgiza bangon da ku biyu kuka haɗa. Ruwan wanke-wanke a yi masa makwarara zuwa rami mai duwatsu, ko zuwa gindin ayaba da gwanda. Kada a ce sai daga baya. Bayan an yi daɓe ba mai son fasawa.

Falo kuma wurin ƙofa ne yake gyara shi ko ya ɓata shi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, idan ƙofar shiga tana tsakiya, ta fita baya ma tana tsakiya, hanya ta raba shi biyu ke nan, ba inda za a jera kujeru. A matsar da ƙofofin biyu zuwa gefe ɗaya, hanyar ta bi jikin bango, sauran ɗakin ya zama na zama. Mai kawo abinci ba za ta tsallake ƙafafun baƙi ba, ranar da zumuntar mata ta faɗo gidanku kuma za a sami wurin shimfiɗa tabarmi. Wani dattijo ya ce mana shi ba ya son baƙo ya hango tsakar gida daga bakin ƙofa. Yana da gaskiya. Labule a ƙofar baya ya isa, iska tana wucewa, ido ba ya wucewa.

Manomi ba ma'aikacin ofis ba ne, da kaka zai kawo amfani gida. In ba a keɓe wa hatsi wuri ba, falo ne zai zama sito. A yanki ɗan ɗaki ko da ƙafa 4 da 6, kusa da ƙofar baya, a jera buhuna a kan katako, kada su taɓa bango. Taki da maganin feshi su sami nasu wuri mai kulle, nesa da abinci. Muna roƙonku, kada a sa ƙwayar maganin hatsi mai fitar da iska a buhun da ke ƙarƙashin rufin da mutane suke kwana. Iskar tana kisa, a gidan jere kuma takan bi ta saman silin zuwa ɗakin maƙwabci. Buhunan PICS masu ninki uku suna kiyaye wake da masara ba tare da magani ba. Haka nan gawayi mai ci da janareta, wurinsu waje ne.

Wannan ya kawo mu ga bangon tsakani. A yi shi da bulo inci 9, a kai shi har jikin kwano. Magina da yawa sukan tsaya daidai silin don rage kuɗi, sai ɓera da magana da gobara su riƙa yawo daga gida zuwa gida.

Kafin a biya kuɗin tushe, ƙungiya ta sa rana. A zo da igiya da turaku da toka, a zana gida ɗaya a ƙasa daidai girmansa. Matan da za su zauna ciki su ɗauki tukunya daga murhu zuwa falo, su ɗebo ruwa daga randa, su nuna inda turmi zai tsaya. Magini ya tsaya da awo a hannu, duk layin da suka ce a matsar, a share tokar a sāke zanawa.