Kalmomin Faransanci na Aikin Ɓoye

Ɗan kasuwar Bodinga ko Shagari da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Illela ya tsallaka Birnin Ƙonni yakan yi cinikinsa da Hausa, amma a bakin jami'an Nijar da cikin takardunsu yakan ci karo da Faransanci, harshen da ya tanadi maganganu da yawa don aikin da ba a so a gani.

Mafi sauƙinsu shi ne “en cachette”, wato a ɓoye, sai “en douce”, wanda maganar kasuwa ce mai nufin yin abu a hankali ba tare da an farga ba. “À la dérobée” ya samo asali daga aikatau “dérober”, wato sata, shi ya sa ya yi daidai da satar kallo ta Bahaushe, yayin da “à pas de loup”, takun kyarkeci, ke nufin sanɗa.

Wanda ya fi tarihi shi ne “sous le manteau”, a ƙarƙashin alkyabba, domin haka ake sayar da littattafan da hukuma ta haramta a Faransa kafin juyin juya halin 1789, kuma har yau ana faɗarsa kan hajar da ake sayarwa ta bayan fage, irin shinkafar da aka riƙa fasa-ƙwaurinta bayan Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019. Wanda ya sulale daga taro ba sallama kuwa, Faransawa sukan ce “filer à l'anglaise”, tafiyar Ingilishi, su ma Ingilishi suna jingina wannan hali ga Faransawa.