Mountbatten: Sunan Da Yaƙi Ya Haifa

A cikin sunayen zuriya na Birtaniya, kaɗan ne za a iya faɗin shekarar da aka ƙirƙiro su. Mountbatten na cikin waɗannan kaɗan ɗin, domin kafin 1917 babu mai amsa shi.

Asalinsa Battenberg, wani ƙaramin gari a yankin Hesse na ƙasar Jamus. A 1851 Yarima Alexander na Hesse ya auri Julia Hauke, wadda ba jinin sarauta ba ce. Bisa al'adar gidan, 'ya'yanta ba za su gaji sarautar uba ba, sai aka ba ta laƙabin Battenberg, zuriyarta suka ɗauka.

Ɗansu Louis ya shiga rundunar ruwan Birtaniya a 1868, ya yi ta hawa har ya zama babban hafsanta a 1912. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, jama'a suka tsangwame shi saboda asalinsa, har ya ajiye muƙaminsa a watan Oktoban 1914, bayan hidimar shekara arba'in da shida. A 1917 Sarki George na Biyar ya sauya sunan gidan sarauta zuwa Windsor, ya kuma nemi danginsa su yar da laƙabobin Jamus. Louis ya juya nasa: kalmar "berg", wato dutse a Jamusanci, ta koma "mount" ta Ingilishi, aka kawo ta gaba.

Sunan bai daɗe ba ya yi tashe. Ɗansa, shi ma Louis, ya zama wakilin Sarkin Ingila na ƙarshe a Indiya a 1947. A shekarar ce jikansa Philip ya ɗauki sunan kafin ya auri Gimbiya Elizabeth. Sai dai da ta hau gadon mulki a 1952, gwamnatin Churchill ta ƙi yarda gidan sarauta ya koma Mountbatten. Sai a 1960 aka daidaita a kan Mountbatten-Windsor ga wasu daga cikin zuriyarta.

Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa ƙasa aiki, sunan mahaifiyarsa kaɗai ya isa a tuhume shi. Duk al'ummar da ke auna amanar ɗanta da inda iyayensa suka fito, ta shirya rasa ƙwararrunta a ranar da ta fi bukatarsu.