Fitsarin da ba ya jira: magungunan da ke kwantar da mafitsara

Daga Ƙanƙara zuwa Funtuwa ba wata doguwar tafiya ba ce, amma mai larurar matsuwar fitsari kafin a kai Sheme ya fara roƙon direba ya tsaya. Da dare ya tashi sau biyu ko uku. Alwala ba ta zama, har wani dattijon ya koma sahun baya don kada ya ratsa mutane in abin ya taso. Da yawa kunya ke hana su faɗa, sai su ce tsufa ne.

Mafitsarar babban mutum tana iya riƙe kusan rabin lita. Tsoka ce ke kewaye da ita, ba ta matsewa sai an shirya. A wannan larura tsokar kan matse tun mafitsara ba ta cika ba, mutum ya yi fitsari fiye da sau 8 a yini, wani lokaci ya kuɓuce masa kafin ya kai banɗaki.

Magungunanta kashi biyu ne. Na farko su ne oxybutynin, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1975, da tolterodine da solifenacin. Aikinsu toshe saƙon da jijiya ke aika wa tsokar cewa ta matse. Sai dai irin wannan saƙo ne ke motsa yawu da hanji da gumi, shi ya sa mai shan su ke kukan bushewar baki da taurin bayan gida da dishi-dishin ido. Manomi a Faskari ko Sabuwa ya kiyaye, musamman a zafin Maris da Afrilu, domin raguwar gumi na hana jiki hucewa. Ga tsofaffi kuwa, oxybutynin kan jawo ruɗewa da mantuwa, kuma akwai nau'in hawan jinin ido da ba ya jituwa da su sam.

Kashi na biyu shi ne mirabegron, da ya shiga kasuwar Amurka a 2012. Shi sassauta tsokar yake yi don mafitsara ta ƙara ɗaukar fitsari. Bai cika busar da baki ba, amma ya fi tsada, yana kuma iya ɗaga hawan jini. Dukansu sukan ɗauki kamar mako huɗu kafin a ga amfaninsu sosai.

Inda ake yin kuskure shi ne a kemis. Mutum ya ce sanyi ke damunsa, a ƙulla masa kafso ba gwaji, alhali yawan fitsari na da sababi iri-iri: ciwon suga, ƙwayar cuta a mafitsara, ko tsargiya, wadda maganinta praziquantel ne, ga masu wanka da noman rani a madatsun ruwa irin na Mairuwa. Dattijon da kumburin furostet ya toshe wa hanya, in ya sha oxybutynin da ka, fitsarin na iya ɗaukewa gaba ɗaya. Macen da fitsari ke zuba mata dare da rana bayan doguwar naƙuda kuma, yoyon fitsari ne, aiki ake yi mata a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.

Saboda haka likita kan fara da gwajin fitsari da na suga, waɗanda ake yi a babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa. Kafin ya rubuta magani zai ce a rage goro da shayi, a sassauta shan ruwa bayan magariba, a riƙa jinkirta fitsari kaɗan-kaɗan har tazarar ta kai awa uku. In abin ya faskara, sai a tura mutum wajen ƙwararru a asibitin koyarwa na Katsina ko na Shika.