Littattafan Da Muke Ɓoyewa A Ƙarƙashin Katifa

Ba na tsammanin akwai ɗakin kwana a makarantarmu da za a ɗaga katifunsa duka a rasa littafin Hausa ko guda. Mu ɗalibai mun san haka, malamai ma sun sani, gama sukan ƙwace in sun gani. Iyayenmu kuwa da sun ji an ce littattafan soyayya, sai su ɗaure fuska. To, ni na karanta waɗansu daga cikinsu, ina kuwa so in bayyana abin da ke ciki, domin mai hanawa ya san abin da yake hanawa.

Da farko dai, ba yau marubutan Hausa suka fara tona asirin gida ba. Cikin littattafan farko da aka buga bayan gasar rubutu ta 1933 akwai Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East. Wani mai arziki, Malam Shehu, ya aure Zainab wadda saurayi Abubakar ke so. Abubakar ya shiga duniya neman ramuwa, ɗan da aka haifa a auren, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba. Ɗa ya kashe uba fa! Amma iyayenmu a aji suka karanta shi, malami na tsaye a gaban allo.

Abin da ya sake daga baya shi ne bakin da ke ba da labarin. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, labarin wata Bafulatana da ta kafe sai ta auri wanda ba ƙabilarsu ɗaya ba. Sa'an nan cikin shekarun 1980 samari da matan aure suka fara buga littattafansu da kuɗinsu a Kano, suna kai wa 'yan kasuwa. Shi ya sa masana suka sa musu suna Adabin Kasuwar Kano. Tun da matan cikin gida suka kama alƙalami, sai ga kishi da saki da auren dole a fili, a bakin waɗanda abin ya fi shafa.

Wadda na fi karantawa ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, daga baya ta koma karatu. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? A ciki an cire Abu daga makaranta, ɗan'uwanta da aka yi mata alkawarinsa ya ƙi ta don ba ta da ilmi, sai aka ɗaura mata aure da wani dattijo, Sarkin Noma. Marubuciyar ba ta rufa wa daren farko asiri ba, ta nuna azaba ce aka yi wa yarinya. Abu ta gudu birni wurin 'yar'uwar iyayenta, ta nemi ilmin da aka hana ta.

Da nake karanta shi sai na tuna da wata da muka yi aji ɗaya, wadda aka tafi hutu ba ta dawo ba. Mu a wannan yanki, tun da aka sace 'yan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, uban da yake son ya cire 'yarsa daga makarantar kwana ba ya rasa hujja, kuma ba kullum ne za a ce bai da gaskiya ba. Amma ba a cika tambayar yarinyar abin da ke ranta ba. A littafin Abu ne na fara jin an ba irin wannan yarinya baki.

Ɗayan littafin nata, Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990, ba labarin saurayi da budurwa ba ne sam. Rabi tana da 'ya'ya tara da Alhaji Abdu, ya auro Delu, wadda ta yi zaman kanta, ya kori Rabi da yaran. Rabi ta kama sayar da abinci tana ciyar da su. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji a kasuwa, sai aka taru a kan Rabi ana cewa ta yi haƙuri ta karɓe shi. Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, aka buga a ƙasar Indiya a 2012.

Duk da haka ba zan ce tsoron iyaye banza ne ba. Akwai littattafan da ba komai ciki sai motoci da gidajen bene da maganganun da ba su faɗuwa, musamman waɗanda ke yawo a waya ta WhatsApp ba wanda ya duba su. Ƙorafi a kan littattafan Hausa ya yi ƙarfi har a 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka tara waɗansu aka ƙone a wata makarantar 'yan mata a Jihar Kano. Ni dai a ganina wuta ba ta iya rarrabe mai nuna ciwo don a yi magani da mai tallar batsa. Mai karatu ne kaɗai ke iyawa, shi ma sai ya kai ƙarshen littafi.

A hutun da ya wuce na sayi Alhaki Kuykuyo Ne a hannun wani mai tsofaffin littattafai ran kasuwar Talata Mafara. Innata ta gan shi, ta ce, "Ke, wannan shi ne karatun da muke biya?" Na ce, "Inna, bari in karanta miki shafi biyu, in ba shi da kyau ki jefa a murhu." Muka fara bayan sallar isha'i. Dare huɗu muka yi a kansa, kishiyar innata ma ta jawo tabarmarta tun dare na biyu. Da muka zo wurin da aka dawo wa Rabi da Alhaji Abdu, sai gardama ta kaure tsakaninsu, Inna na cewa don 'ya'ya ta yi, ɗayar na cewa an zalunce ta sau biyu ke nan. Har na dawo makaranta ba su shirya a kan maganar ba, littafin kuwa yana can cikin akwatin Inna.