Siririyar Robar Da Ake Zura Wa Jariri A Jijiya

'Yan'uwana mata, wadda ta taɓa leƙa ɗakin bakwaini a babban asibiti ta ga wata siririyar roba, kaurinta kamar tsinken tsintsiya, tana fitowa daga cibiyar jariri ko hannunsa. Wannan ba ƙarin ruwan da kuka saba gani ba ne. Likita kan zura ta har bakinta ya kai babbar jijiyar da ke zuba jini cikin zuciya, sa'an nan a ɗauki hoto a ga inda ta tsaya. Ta nan ake ciyar da jaririn da hanjinsa bai yi ƙwarin karɓar nono ba. A 1968 ne likitoci biyu a Amurka, Wilmore da Dudrick, suka ba da labarin jaririyar da suka raya ta haka, ta yi ta girma.

To, amma ƙofar da abinci ke bi, ita ɓarawo kan bi. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a fatar jariri da hannun masu jinya sukan bi robar su shiga jini, kuma yawan kwanakinta a jiki, yawan haɗarin. Shi ya sa ta cibiya ba a barinta ta wuce kwana 14. Kada ki tsaya jiran zazzaɓi, domin bakwaini sau da yawa sanyi jikinsa kan yi. In ya yi laƙwas, ko numfashinsa yana ɗaukewa, ko bakin robar ya yi ja, maza kira sista.

Jini kuma yakan daskare a jikinta, ƙafa ko hannu ya kumbura. Mafi muni, ko da yake ba kasafai ba, bakinta ya gusa ya huda bangon zuciya, ruwa ya taru ya matse ta.

Naki aikin fa? Wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa shi, kuma kada kunya ta hana ki tambayar nas ko ta wanke nata, ɗanki ne. Kada ki jiƙa bandejin, kada ki ja robar wajen sāke masa tsumma. In Iya ta zo da batun gashin cibiya ko shafa man shanu, ba ta haƙuri cikin ladabi, ki ce likita ya hana. Kowace safiya kuma tambaye shi, "Likita, yaushe za a cire?"